Yadda ake ɗaure salansar da aka canza wa mota don kar ta riƙa gocewa

Duk wanda ya cire salansar da mota ta zo da ita ya sa wata ya san wannan matsalar, ko ta kwalliya ce mai baki biyu irin wadda samari ke sa wa Civic da Golf 3 saboda ƙara, ko kuwa tsohuwar ce ta ruɓe aka nemo wata aka haɗa. Ranar da aka ɗaura komai lafiya lau, bakin salansa na zaune a tsakiyar gurbinsa, amma kafin ka ankara ta karkace gefe guda, ko ta sauko ƙasa, ko ta fara bugun jikin mota duk sanda ka faɗa rami, wani ma sai ya ji warin roba ya fito ya tarar bamba ta narke. Aikin ƙasan mota nake yi a nan Katsina kuma na daɗe ina ɗaura salansa, abin da na gani shi ne yawanci ba salansar ba ce ke da laifi, yadda aka ɗaure ta ne.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe kafin ka taɓa sifana. Na farko, salansa a rataye take, ba kafe ta ake ba. Gabanta na haɗe da inji, shi kuma inji motsi yake duk sanda ka taka totur ko ka canza giya, don haka ne kamfani ya rataye sauran jikinta da robobi. Na biyu, ƙarfe na miƙewa in ya ji wuta. Bututu mai tsawon mita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 300 zai ƙara tsawo kusan santimita 1, wasu nau'in sitenles ma har 1.5 suke kaiwa, kuma baya yake miƙewa tunda gaba inji ya riƙe shi. In ba ka bar mata wurin wannan motsin ba to ita za ta nema da kanta, ta zame daga kilam, wato ƙarfen da ke matse mahaɗar bututu, ko ta tsage wajen walda.

Kayan da za ka tanada

Sifana lamba 10, 12, 13, 14, 15 da 17, in da bokis sifana ya fi sauƙi. Filaya, sukundireba babba, guduma ƙarama, burushin ƙarfe da samfefa, zarton ƙarfe, tocila, tef na awo. Jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko kuma rami. Katako guntu-guntu na tokare bututu. WD-40 na kwance noti mai tsatsa, ruwan omo a roba, da farin fenti ko alƙalamin maka.

Sai kayan da za su zauna a jikin motar: robobin rataya sabbi, kilam daidai girman bututunka, gaskit sabo, notuka da washa, ƙananan kilif irin na ɗaure tiyo guda 4 zuwa 6, da guntun rodi mai kaurin milimita 10 ko 12 in har sai an yi sabon maratayi. Girman bututu yawanci inci 2 ne, ko 2.25, ko 2.5, kar ka yi kirdado da ido, ka auna ko ka tafi shago da guntun bututun a hannunka. In ba ka samu irin robar motarka ba a shagunan sifiya fat na cikin gari, ka aika Kofar Ruwa a Kano da tsohuwar a matsayin samfur. Ni dai a wajen roba ban cika son beljiyam ba, ta riga ta sha zafi shekara da shekaru, gara sabuwa mai kauri.

1. Bari mota ta huce, sannan ka ɗaga ta yadda ya kamata

Salansa na riƙe zafi fiye da yadda kake zato, musamman wajen indomi, wato tukunyar nan ta gaba da ke tace hayaƙi, ka ba ta aƙalla awa 1 bayan an kashe. In kana da damar samun rami, ko da na wajen wankin mota ne, to shi ya fi, saboda motar na tsaye a kan tayoyinta kuma duk tazarar da ka gani ita ce ta gaskiya. In jak ne, ka ja hambirki, ka sa dutse gaba da bayan tayar da ke ƙasa, ka tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Don Allah kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, kuma kar ka tokare da bulo, bulon siminti farfashewa yake lokaci ɗaya ba tare da ya ba ka alama ba.

2. Gano inda take gocewa tukuna

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su kama noti su yi ta ɗaurewa. Ka kama bakin salansar ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama, ka tura ciki ka jawo. Salansa mai lafiya za ta ɗan motsa ta dawo wurinta shiru. In ta buga wani abu ka bi sautin da tocila. Ka duba kowace mahaɗa, in ka ga wani zobe mai sheƙi a jikin bututu kusa da kilam to nan ne take zamewa, in ka ga baƙin toka ya yi layi to nan hayaƙi ke fita. Ka lanƙwasa kowace roba da hannu, wadda ta bushe za ka ga ta tsattsage kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, wannan ta gama aiki ko ba ta tsinke ba. Zafin garin nan na watan Afrilu da Mayu ga na bututu ga ƙura, roba ba ta daɗewa a wajenmu.

Ka ƙirga maratayan ma. Sau da yawa mai ɗaura sabuwar salansa yakan bar ɗaya ko biyu a banza saboda ƙugiyar sabuwar ba ta zo daidai da ta motar ba, sai nauyin da ya kamata roba 4 su ɗauka ya koma kan 2.

3. Sassauta komai daga bayan inji har ƙarshe

Nan ne asalin aikin yake. Ba za ka iya gyara zaman salansa da kilam ɗaya ba alhali sauran suna ɗaure tamau, duk abin da ka tura da ƙarfi ka ɗaure a haka zai koma inda yake so da zarar ya yi zafi ya huce. Ka fesa WD-40 a notukan ka jira minti 10 zuwa 15, in babu kananzir ma na yi amma ka goge shi tas kafin a kawo wuta kusa. Ka tokare tukunyar baya da tsakiyar bututu da katako, sannan ka sassauta kowane kilam da kowane bolti na mahaɗa har sai bututun na iya juyawa da hannu. Ka kula da wayar sensa da ke kusa da indomi, in bututu zai sauka sosai ka cire soket ɗinta kar ta tsinke.

Ka zare mahaɗun da bututu ke shiga cikin bututu, ka kankare tsatsa da toka da burushi da samfefa har ƙarfe ya fito. Kar ka shafa giris ko baƙin mai a nan wai don ya shiga da sauƙi, santsin da ya shigar da shi shi zai fitar da shi.

4. Gyara mahaɗa da kilam

Ƙaramin bututu ya shiga cikin babba aƙalla santimita 5. In bai kai haka ba komai ƙarfin kilam zai zame, sai dai a ƙara guntun bututu da walda. Ka kuma girgiza ka ji, in akwai lilo tsakaninsu to girman bai zo ɗaya ba, kuma wannan shi ne babban ciwon salansar haɗe-haɗe. In bambancin kaɗan ne ka yi wa bakin babban bututun tsaga 2 da zarto, ɗaya na kallon ɗaya, tsawon kamar santimita 2.5, don ya samu damar matsewa, amma tsagar kar ta wuce inda ƙaramin bututun ya tsaya a ciki in ba haka ba hayaƙi zai bi nan. In bambancin babba ne, kamar inci 2 cikin 2.5, a nemo mahaɗi mai baki ƙarami da babba ko mai walda ya yi maka. In kana kan hanya ne babu yadda za ka yi, yankan gwangwanin ƙarfe irin na tumatir a naɗe shi a tsakani zai kai ka gida, ban da gwangwanin lemo na alminiyam, zafi ke cinye shi.

Kilam iri biyu ne aka fi samu. Mai siffar U shi ne ko'ina kuma yana riƙo, sai dai yana lotsa bututu ta yadda cirewa gaba sai da wahala, kuma in ka wuce gona da iri yana mayar da bututun ba zagaye ba har ya fara yoyo. Mai faɗi kamar bel ya fi shi, yana matsewa ko'ina daidai ba ya lotsa komai, in ka samu ka saya ko ya fi tsada. Wurin zamansa kusa da bakin babban bututun ne, a kan tsagar, ka bar kamar rabin santimita daga baki. In ka kai shi can ciki inda ƙaramin bai kai ba to iska kake matsewa. Kuma ka juya notukan su kalli gefe, kar su kalli ƙasa, saboda tudun rage gudu na farko da ka taka da lodi shi zai kama su ya ja salansar baya.

Wata mahaɗar kuma za ka ga bolti ne da sifirin a jikinsa da gaskit mai zagaye a tsakani. An yi ta ne don ta riƙa motsi. Kar a cire sifirin a sa bolti zalla a ɗaure, ana yin haka sosai kuma daga nan tsagewa ke farawa.

5. Rataye ta a sabbin robobi

Ka jiƙa ramin robar da ruwan omo ka tura ta kan rodin maratayi, in ta yi gardama ka taimaka da sukundireba. Omo bushewa yake ya bar roba ta kama, mai kuwa lalata roba yake kuma santsinsa ba ya tafiya. Kowace roba ta ɗauki nauyi, kar wata ta miƙe kamar za ta tsinke wata kuma tana reto a banza. In wata ba ta kai ba, rodin za a lanƙwasa ko a canza mashi wuri, ba robar za a ja da ƙarfi ba.

Ga abin da mutane ƙalilan ne ke lura da shi: in salansa na sanyi, ƙasan robar ya ɗan karkata wajen gaban mota, kamar santimita 1. In bututun ya yi zafi ya miƙe baya sai robar ta tsaya cak a miƙe. In ka sa ta a miƙe tun tana sanyi, ko ma ta karkata baya, to da zafi za ta ja har ta zame daga kan rodin, kai kuma ka yi ta mamakin yadda roba sabuwa ke faɗuwa a hanyar Daura.

Ka duba bakin kowane rodi. Na kamfani yana da ɗan kai a ƙarshe da ke hana roba fita, na salansar kasuwa sau da yawa a miƙe yake sumul. Ka sa mai walda ya ɗiga mashi kai ko ya manna noti a bakin. Sannan ka ɗauko ƙananan kilif ɗin tiyo ka ɗaure a kan rodin, ɗaya kowane gefen robar, ka bar ɗan sarari kaɗan. Wannan ɗan abin mai araha shi ne ya fi komai hana salansa tafiya hagu da dama, in ma ba ka iya yin komai a cikin rubutun nan ba ka yi wannan.

In tukunyar baya babba ce mai nauyi fiye da ta asali, roba ɗaya ba za ta riƙe ta ba. A yi mata maratayi 2, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, su ɗan buɗe ta sama, kowanne na jan ta wajensa sai ta zauna a tsakiya. Akwai robobi masu tauri ja ko shuɗi da ake sayarwa, suna rage lilo sosai amma suna shigo da kaɗawar inji cikin mota, ni a tukunyar baya kaɗai nake sa su in bar na tsakiya masu laushi. In babu roba sam, a yanko gefen tsohuwar taya a huda rami 2, yana aiki na ɗan lokaci. Waya kuwa ta kai ka gida ce kawai, ba gyara ba ce.

Abin da nake roƙon kowa kar ya yarda a yi mashi shi ne a walda salansa kai tsaye da jikin mota da rodi ba roba a tsakani. Za a ce maka ai yanzu ba za ta ƙara motsi ba, gaskiya ne, amma inji bai daina motsi ba, sai ƙarar ta cika cikin motar, sannan ko waldar ta ɓalle ko bututun ya tsage can gaba wajen manifol inda gyara ya fi tsada.

6. Daidaita zama da tazara

Yanzu komai na rataye amma ba a ɗaure ba. Ka sa wani ya tsaya bayan motar yana kallon bakin salansa kai kana juyawa daga ƙasa. In ya zo tsakiyar gurbinsa ka cusa katako ko kwali mai kauri tsakaninsa da bamba ya riƙe shi a nan har ka gama. Ka ɗan ɗaga shi sama da inda kake so da kamar rabin santimita, sabuwar roba na saki kaɗan.

Sai ka bi bututun tun daga gaba da yatsu 2, ko'ina su wuce tsakaninsa da jikin mota, wato kamar santimita 2.5 zuwa 3. Kusa da tankin mai, tiyon birki, wayar hambirki da bamba ta roba ka ba da fiye da haka, kuma in akwai farantin kare zafi da aka cire a mayar da shi. Inda bututu ya haura ta saman aksul na baya ka fi ba shi kulawa. Masu Golf da Sharon da ke lodin Mashi, Daura da Mai'aduwa ku ne wannan ya fi shafa, mota ba kowa tazarar na da kyau, amma in aka loda mutane da buhuna bayan ya zauna sai aksul ya riƙa dukan bututun yana ture shi kullum. Ka sa mutum 3 su zauna a baya ka sake leƙawa.

7. Ɗaure daga gaba zuwa baya

Ka fara daga mahaɗar da ta fi kusa da inji, da sabon gaskit, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har tukunyar ƙarshe. Zagayen farko ka kama su kawai, ka fito ka kalli baki bai goce ba, zagaye na biyu ka ɗaure sosai. Duk inda noti 2 ne ka riƙa yi kaɗan nan kaɗan can, in ka gama da ɗaya kafin ɗaya kilam ɗin zai karkace ya juya bututun. Kar ka sa wa sifana dogon bututu kana dannawa, zaren zai cinye. In notukan na yawan kwancewa ka ƙara noti na biyu a kan na farko, amma ban da mai roba a ciki, zafi na narkar da robar.

Ka cire katakan, ka girgiza kamar yadda ka yi da farko. Sannan ka ja layin farin fenti da ya ratsa kowace mahaɗa, rabi a wannan bututun rabi a wancan. Gaba in layin ya rabu ka san ainihin wadda ke juyawa ba sai ka yi ta lalube ba.

8. Gwaji, da sake ɗaurewa

Ka tayar da mota a fili, ba cikin shago ko gareji a rufe ba. Ka toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa 2 ko 3, in akwai yoyo za ka ji huci. Yoyo ba abin wasa ba ne, hayaƙin mota na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa, in ana rufe gilas a kunna esi mutane na jin ciwon kai ko jiri to a duba salansa a ranar.

Ka fita da ita ta yi zafi sosai, ka ɗan miƙa hanyar Batagarawa ko ta Jibiya ka dawo, ka bi ta unguwa mai gargada ka kashe rediyo ka saurara. Ka bar ta ta huce gaba ɗaya sannan ka sake bin notukan, za ka ga sun karɓi ƙari. Bayan sati ɗaya ka sake, a nan ne yawanci ake sakaci kuma a nan ne gocewar ke farawa.

9. In har yanzu wata mahaɗa na juyawa

Sai a ɗiga mata walda, amma bayan ka tabbatar zaman ya yi. Ɗigo 3 a zagaye sun isa, in an tashi cirewa a goge su da injin gurza, ba sai an zagaye duka ba. Kuma a bar aƙalla mahaɗa ɗaya ta bolti don ranar da za a sauke giyabos ko tanki. Kafin walda ta lantarki a cire kan batir na nagetif, a kama wayar at ta injin walda, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfe, a jikin bututun kusa da inda ake aiki, musamman motoci masu kwamfuta irin Corolla da Accord. A sa faranti ko jiƙaƙƙen buhu tsakanin wuta da tanki, in kuwa ana jin warin fetur a ƙasan motar a fasa har sai an gano inda yake zuba.

In an yi duk wannan salansa ba ta daina gocewa ba, ka koma kan injin sitin, wato mazaunin roba da ke riƙe inji a jikin mota. Ka buɗe bonet, ka ja hambirki, ka danne birki, ka sa giyar gaba ka ɗan taɓa totur sannan ta baya, wani ya tsaya a gefe, ba gaban motar ba, yana kallon injin. In yana tsalle sosai to sitin ya mutu kuma shi ke jan salansar, sai an canza shi. Ka kuma duba ko an cire filesibul, ɗan guntun nan mai saƙar waya da ke ƙasan inji, an sa bututu zalla a wurinsa. Motocin da injinsu ke kwance a gicciye suna jan tayar gaba suna buƙatar shi ko mahaɗa mai sifirin, in babu ko ɗaya a mayar.

Daga nan duk sanda aka shiga rami canjin baƙin mai ka ce a haska maka layukan fentin da robobin, da kuma bayan damina in ka sha bin ruwa da laka, ko duk ranar da ka ji ƙasan motar ya daki wani abu.